Waiwaye: Allurar Sinadarin Girma da Ramar Masu Ƙanjamau

Kafin a samo magungunan da ke danne ƙwayar HIV, da rama aka fi gane mai ɗauke da ita. A yankin Rakai na ƙasar Yuganda, inda likitoci suka bayyana cutar a shekarar 1985, mutane sun sa mata suna mai nufin siranta, kamar yadda Bahaushe ya dubi yadda jiki ke ƙanjamewa ya raɗa mata ƙanjamau. A 1987 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fayyace wannan rama: mutum ya zubar da fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, ga gudawa ko zazzaɓi da kasala har sama da kwana 30.

Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne tsoka ce ke zaizayewa, har kafaɗu su fito, kumatu su lotsa, majiyyaci ya kasa hawa matakala. Magungunan buɗe ciki irin su Megace, wanda aka amince da shi a 1993, sun ƙara nauyi, amma akasarinsa kitse ne.

Daga nan hankali ya koma kan sinadarin girma, wanda wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitarwa. Kamfanin Serono na ƙasar Suwizalan ya haɗa shi da sunan Serostim, ana yin allurarsa a ƙarƙashin fata kullum kafin kwanciya barci. A gwajin da aka yi wa mutum 178 na tsawon mako 12, waɗanda aka yi wa allurar sun ƙaru da kimanin kilo 3 na tsoka da sauran naman jiki, kitsensu kuma ya ragu, ko da yake wasu sun yi fama da kumburi da ciwon gaɓoɓi, sannan allurar kan ɗaga sukarin jini. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1996.

Sai dai allurar ta zo a makare. A wannan shekarar ce haɗin magunguna uku masu danne ƙwayar cutar ya bazu, majiyyata suka fara murmurewa suna mayar da jiki, masu buƙatar allurar da ke cin wajen dala 21,000 a mako 12 suka ragu ƙwarai. Kuɗin da bai taɓa zama abin da talakan Afirka zai iya biya ba ke nan, alhali a nan ramar ta fi yin ɓarna.

Da kasuwa ta ja baya, kamfanin ya bi ta bayan fage. An same shi da tallata wata na'urar auna jiki da ba a amince da ita ba, wadda ke nuna rama ga wanda bai rame ba, da kuma yi wa likitoci tayin tafiya kyauta zuwa birnin Cannes na Faransa domin su yawaita rubuta allurar. A 2005 ya amsa laifi, ya biya gwamnatin Amurka da jihohinta dala miliyan 704.