Waiwaye: Hayaƙin sansani da rashin haihuwar 'yan mazan jiya a Amurka

Muhawarar da ake yi a Amurka kan ɗaukar nauyin 'yan mazan jiyan da haihuwa ta gagare su bayan shaƙar guba a bakin daga ba yau ta fara ba. Labarin Biyetnam sananne ne: daga 1962 zuwa 1971 an yi ta feshin maganin kashe ciyawa, ciki har da Agent Orange, sai a 1991 aka yi dokar biyan waɗanda ya illata. Daga baya ga ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, irin na sansanin Balad da ke Iraƙi, inda ake tara robobi da batura da tayoyi, a zuba man jirgi a cinna wuta, sojoji su kwana cikin hayaƙin.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne 1992. A shekarar aka yi dokar da ta buɗe wa mata tsofaffin sojoji ƙofar kula da lafiyarsu, kamar gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa. Alheri aka nufa. Sai dai a cikin sashen aka keɓe maganin rashin haihuwa, aka ce ban da shi. Lokacin dashen ƙwan haihuwa sabon abu ne, shekara 11 kacal da haihuwar jaririya ta farko ta wannan hanyar a ƙasar. 'Yar wannan jimlar ta zama shinge sama da shekara 20, har ga maza: tsohon sojan da nakiya ta lalata masa gaba, daga aljihunsa kuɗin dashe ke fita. Sai a 2016 aka sassauta, bisa sharaɗin a tabbatar aikin soja ne ya jawo matsalar.

Sharaɗin nan ya raba mutane gida biyu. Tabon nakiya likita na ganinsa da ido. Wanda ya shaƙi hayaƙi kuwa, sai ya tuɓe kaki, ya yi aure, an shekara uku huɗu shiru, sannan a je asibiti a ce maniyyinsa ya yi ƙaranci. Da me zai nuna cewa hayaƙin shekara goma baya ne sila?

Dokar PACT ta 2022, wadda aka yi don 'yan mazan jiyan da suka shaƙi guba, ta ɗauke wa masu cututtuka sama da 20 wahalar kawo hujja, har da sankarar sassan haihuwa. Rashin haihuwa bai shiga jerin ba. A 2024 an ba marasa aure damar dashen, amma sharaɗin hujjar bai motsa ba.