Haƙƙin dukiya bayan rabuwar masu zaman tare ba aure

Haƙƙin dukiya bayan rabuwar masu zaman tare ba aure ɓangare ne na dokar iyali da dokar mallaka. Yana duba abin da mutum zai iya nema, gida ne ko kuɗi ko ciyarwa, idan zaman da ya yi da wani tamkar miji da mata, wato zaman dadiro, ya ƙare alhali ba a taɓa ɗaura musu aure ba. Ƙasashe sun kasu gida uku a kan batun. Wasu na raba dukiyar kusan yadda ake yi wa ma'aurata, wasu na ba da diyya taƙaitacciya ga wanda ya yi asara, wasu kuma na kallon mutanen biyu kamar baƙin juna, kowa ya ɗauki abin da ke da sunansa. A wannan kashi na uku, daɗewar zama ita kaɗai ba ta haifar da wani haƙƙi, ko da an kwashe shekara talatin.

Asali

A Ingila, dokar aure ta 1753 ta wajabta ɗaurin aure a coci bisa ƙa'idoji sanannu. An daɗe ana cewa kafin wannan doka zaman tare kaɗai na iya zama aure, amma masaniyar tarihin shari'a Rebecca Probert ta nuna cewa ba haka abin yake ba, kuma wannan fahimta ta yaɗu ne a tsakanin jama'a wajejen shekarun 1970. Har yanzu tana nan da ƙarfinta: wani bincike kan ra'ayin jama'ar Birtaniya da aka fitar a 2019 ya gano kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ɗauka masu zaman tare na da matsayin ma'aurata. Yawan masu irin wannan zama a Birtaniya ya tashi daga kimanin miliyan 1.5 a 1996 zuwa kimanin miliyan 3.6 a 2021, idan aka ƙirga su bibbiyu.

A Faransa, kundin dokokin farar hula na 1804 bai ce komai a kansu ba. Ana jingina wa Napoleon cewa tunda sun yi watsi da doka, doka ma ta yi watsi da su. Sai a 1999 aka sa ma'anar zaman a cikin kundin, a shekarar da aka ƙirƙiro PACS, wato yarjejeniyar zaman tare da ake yi wa rajista.

Ingila da Wales

Nan ne shari'o'in suka fi yawa, saboda babu dokar da ta ba alƙali ikon raba dukiya bisa adalci kamar yadda yake yi a saki. Babu kuɗin ciyarwa ga tsohon abokin zama, ba a raba fansho, kuma idan ɗayansu ya mutu bai bar wasiyya ba, wanda ya rage ba ya cikin magada. Abin da ya saura shi ne dokar amana, wadda ke bambanta mai suna a takardar gida da mai rabo a cikin darajar gidan.

Shari'ar Burns da Burns, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 1983, ita ce misalin da aka fi kawowa. Matar ta zauna da mutumin shekara 19, ta ɗauki sunansa, ta haifa masa 'ya'ya biyu ta raine su. Da ta fara samun kuɗi, ta riƙa biyan wasu kuɗaɗen gida, ta sayi kujeru da injin wanki, ta yi wa ɗakuna kwalliya. Gidan kuwa da sunansa aka saya, shi ya ba da kafin alƙalami, shi ke biyan bashin banki. Kotu ta ce ba ta da ko taku ɗaya a gidan, ta kuma ce gyaran wannan hali aikin majalisa ne.

Hukunce-hukuncen baya sun sassauta, musamman inda sunayen mutum biyu ke kan takarda. A shari'ar Stack da Dowden ta 2007 an kafa ƙa'idar cewa gidan da ke da suna biyu ana fara ɗaukarsa rabi da rabi ne, sai wanda ke neman fiye da haka ya kawo hujja daga yadda suka tafiyar da rayuwarsu gaba ɗaya. Su biyun suna da 'ya'ya huɗu, amma kowa da asusunsa da ajiyarsa tsawon shekaru, kuma matar ce ta zuba kuɗi mafi yawa, don haka aka ba ta kashi 65 cikin ɗari. A shari'ar Jones da Kernott ta 2011, mutumin ya bar gidan a 1993, matar ta ci gaba da biyan bashin da ɗawainiyar yara ita kaɗai fiye da shekara 14. Kotun Ƙoli ta ce niyyarsu ta sauya da tafiyar lokaci, ta bar mata kashi 90.

Inda sunan mutum ɗaya ne a takarda, aikin ya fi wuya. Mai ƙara zai nuna abu biyu: cewa akwai fahimtar juna cewa yana da rabo, kuma ya dogara da wannan fahimta har ya yi wata asara, kamar sayar da nasa gidan ko zuba ajiyarsa a gini. Ana shigar da irin wannan ƙara ƙarƙashin dokar amanar filaye ta 1996, kuma a bisa al'ada wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin lauyan wanda ya yi nasara, abin da ke sa da yawa su haƙura ko su sasanta da ɗan abin da aka miƙa musu.

Haƙƙin yara daban yake, bai rataya da aure ba. Bayan kuɗin ciyarwa na wata-wata, dokar yara ta 1989 ta ba kotu ikon tilasta wa mai hali ya samar da gidan da yaro zai zauna da wanda ke riƙonsa. Sai dai gidan aro ne: da yaron ya girma ko ya gama karatu, yakan koma hannun mai shi.

Amurka da Kanada

A Amurka kowace jiha da dokarta. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1976, a ƙarar da Michelle Triola ta kai ɗan wasan fim Lee Marvin, cewa alkawarin rabon dukiya tsakanin masu zaman tare na iya zama yarjejeniya mai ƙarfi, ko a rubuce ko da baki, muddin ba a kan kwanciya aka gina shi ba. Ita kanta ba ta ci moriyar hukuncin ba: an ba ta dala 104,000 a 1979, aka soke a 1981. Jihar Illinois ta ƙi bin wannan hanya a 1979, ta sake jaddada matsayinta a 2016. Jihar New Jersey tun 2010 ba ta karɓar alkawarin ciyarwa sai rubutacce. 'Yan jihohi kaɗan, irin su Texas da Colorado, har yanzu suna amincewa da auren da ba a yi masa biki ko rajista ba, idan su biyun sun yarda su ma'aurata ne kuma sun bayyana kansu haka ga jama'a. Waɗannan sai ta hanyar saki suke rabuwa.

Kanada ta bi ta ƙa'idar hana mutum cin gumin wani. A shari'ar Pettkus da Becker ta 1980, Kotun Ƙoli ta ba matar rabin gonar kiwon zuma da suka gina tare cikin kusan shekara 20, ko da yake ta rasu a 1986 kuɗin ba su shiga hannunta ba. Lardin British Columbia na raba dukiya bayan zaman shekara biyu. Ontario na ba da ciyarwa bayan shekara uku, amma ba ya raba dukiya kai tsaye.

Ƙasashen da suka yi doka ta musamman

Niyu Zilan ce ta fi nisa: tun 2002, zaman shekara uku na jawo rabon dukiyar zaman rabi da rabi. A yawancin jihohin Ostiraliya, tun 2009 kotunan iyali na tarayya ke sauraron masu zaman shekara biyu, ko waɗanda suka haihu, kuma dole a shigar da ƙara cikin shekara biyu da rabuwa. Ailan, a dokarta ta 2010, ta sa sharaɗin shekara biyar, ko biyu idan akwai ɗa, tare da nuna cewa mai ƙara ya dogara da ɗayan wajen abin masarufi. A Suwidin gida da kayan ɗaki da aka saya don amfanin su biyu kaɗai ake rabawa, ban da mota ko ajiyar banki, kuma a nema cikin shekara ɗaya. Sikotilan ma, ƙarƙashin dokar 2006, wa'adin shekara ɗaya ta sa, kuma abin da ake samu diyyar asara ce. A shari'ar Gow da Grant ta 2012 an tabbatar wa wata mata fam 39,500 saboda ta sayar da gidanta ta koma na abokin zamanta. Tsarin mulkin Birazil na 1988 ya amince da zaman da ya kafu a matsayin iyali.

A fikihun Musulunci zaman haramun ne, ba ya haifar da ciyarwa ko gado tsakanin su biyun; bashi da tarayya a dukiya kuwa suna bin hukuncinsu na ciniki.

Inda ƙararraki ke lalacewa

Mafi yawan asara daga tsarin kashe kuɗi take farawa. Ɗaya na biyan bashin gida ta banki, ɗaya na sayen abinci da tufafin yara da tsabar kuɗi. Nauyin na iya zama daidai, amma na farko ne ya bar sawu. Abin da kotu ke dubawa shi ne bayanan asusu, rasiɗan gini, saƙonnin waya, da takardar da ta nuna wanda ya ba da kafin alƙalami. Kuma abin rabon shi ne ragowar daraja bayan cire bashi: gidan fam 300,000 da banki ke bin 180,000 a kansa, 120,000 ne ake jayayya a kai.

Na biyu shi ne wa'adi. Inda aka rabu a hankali, yau a dawo gobe a tafi, ranar rabuwar kanta takan zama abin gardama, kuma kuskuren 'yan makonni na iya rufe ƙofa. Na uku bashin haɗin gwiwa ne: banki na da ikon bin kowannensu dukan kuɗin, ko da ya bar gidan.

Maganin da lauyoyi ke bayarwa shi ne rubutacciyar sanarwar rabon kowa a lokacin sayen gida, wadda a Ingila kusan ita ke yanke magana, sai yarjejeniyar zama da ta fayyace gida, bashi da asusu, sai wasiyya. A Ostiraliya da Niyu Zilan yarjejeniyar ba ta da ƙarfi sai kowa ya ji shawarar lauyansa daban.

Taƙaddama

Masu neman gyara na cewa dokar na cutar da wanda ya bar aiki don raino, galibi mace. Masu adawa na cewa bai kamata a ɗora wa mutum nauyin auren da ya ƙi yi ba. Hukumar gyaran dokoki ta Ingila da Wales ta ba da shawarar sabon tsari a 2007, gwamnati ta jingine shi a 2011. Game da lardin Kuibek, Kotun Ƙolin Kanada ta amince a 2013 da ware masu zaman tare daga ciyarwa da rabon dukiya, sannan lardin ya fito da tsarin rabo ga waɗanda suka haihu daga 30 ga Yuni 2025.