Ƙungiyoyin sa kai masu kare jemagu a Birtaniya

Ƙungiyoyin kare jemagu a Birtaniya ƙananan ƙungiyoyi ne na 'yan sa kai da ake samu kusan a kowace gunduma ta ƙasar. Aikinsu shi ne ƙidayar jemagu, tsare wuraren kwanansu, da jinyar waɗanda suka ji rauni. Yawan ƙungiyoyin ya haura 80, kuma suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyar Bat Conservation Trust, wadda aka kafa a 1991. Akasarin mambobin ba masana kimiyya ba ne. Za ka tarar da malamin makaranta, da ɗan fansho, da ɗaliba, duk a ƙungiya ɗaya.

Asali

Akwai nau'in jemagu 18 a Birtaniya, 17 daga cikinsu an tabbatar suna haihuwa a ƙasar. Dukkansu ƙwari suke ci, babu mai taɓa 'ya'yan itace kamar manyan jemagun da ke dirar wa mangwaro a Afirka. Wanda ya fi yawa, pipistrelle, nauyinsa kimanin giram 5 ne kacal.

A ƙarni na 20 yawansu ya yi mummunar raguwa. Magungunan feshi sun rage ƙwari, manoma sun sare shingayen itatuwa da jemagu ke bi wajen kiwo, sannan maganin da ake shafa wa katakon rufin gida, irin su lindane, ya riƙa hallaka su a makwancinsu. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe jemage ko kama shi, ta kuma haramta lalata makwancinsa ko toshe shi, ko da ba ya ciki a lokacin. Wannan doka ce ta haifar da yawancin ƙungiyoyin, domin an wayi gari dubban magidanta na da jemagu a rufin ɗaki, ba su da ikon korarsu, hukuma kuma ba ta da isassun ma'aikatan da za su bi gida-gida.

Ziyarar gidaje

A nan ne aikin ya fi nauyi, kuma shi ne ya fi cancantar yabo. Matan jemagu kan taru wuri ɗaya daga watan Mayu zuwa Agusta don haihuwa, kowace galibi ɗa guda a shekara, saboda haka gyaran rufi ɗaya da aka yi ba a kan lokaci ba na iya shafe goyon shekara ɗungurungum. A Ingila, mai ziyara da ya sami horo da lasisi daga hukumar kula da muhalli ta Natural England kan je gidan kyauta. Yana hawa saman silin da tocila, ya duba kashinsu, ya murje shi da yatsa: na jemage yana rugujewa ya zama gari, na ɓera kuwa ba ya yi. Daga nan sai ya zauna da mai gida ya kwantar masa da hankali cewa jemage ba ya cin katako ko wayar lantarki, ya kuma nuna masa watannin da zai yi gyara ba tare da karya doka ba. Sau da yawa lallashin ya fi binciken wuya.

Ƙidaya

Tun 1996 ake gudanar da shirin sa ido na ƙasa, wanda kacokan ya dogara ga 'yan sa kai. A watan Yuni sukan tsaya bakin gini da faɗuwar rana suna ƙirga masu fitowa ɗaya bayan ɗaya. A Agusta sukan bi gefen kogi don neman jemagen Daubenton mai kiwo daf da saman ruwa, da hunturu kuma masu lasisi su shiga kogwannin duwatsu da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai. Suna riƙe da wata 'yar na'ura mai mayar da kukan jemage, wanda kunnen mutum ba ya kamawa, zuwa sautin da ake ji. Bambancin kukan ne ya fara nuna cewa pipistrelle nau'i biyu ne, ɗaya yana kuka wajen kilohaz (ma'aunin kaifin sauti) 45, ɗayan wajen 55. Alƙaluman shirin sun nuna cewa nau'o'i da dama sun daina raguwa, wasu ma suna ƙaruwa, ko da yake daga ƙasa sosai suka faro.

Jinya da haɗarinta

Yawancin jemagun da ake kawo wa masu jinya kyanwa ce ta kama su, ko jarirai ne da suka faɗo daga makwanci. Ana ciyar da su da tsutsa har su iya tashi, a mayar da su inda aka tsince su. A 2002 wani mai aikin jemagu ya rasu a Sukotlan sakamakon ƙwayar cuta dangin ta haukan kare. Tun daga nan aka tsananta batun allurar riga-kafi da sanya safar hannu.

Tsofaffin coci-coci

Har yanzu akwai inda ake kai ruwa rana. Jemagu na son tsofaffin coci-coci, amma fitsarinsu yana ɓata tagulla da marmara, masu shara kuma su ke shan wahala. Wani shiri na haɗin gwiwa da Cocin Ingila, wanda ya ƙare a 2023, ya yi aiki da coci sama da 100, inda a wasunsu aka keɓe wa jemagun akwatuna cikin rufi masu ƙofa ta waje, don su shiga su fita ba tare da ratsa wurin ibada ba.