Cire zare ba shi ne warkewa ba

A ƙauyukanmu na Ringim zuwa Gaya, da zarar an cire zaren ɗinki sai a ce wane ya warke, har a fara yi masa zancen gona. A aikin ciwon dajin bututun maɗaciya, wato bututun da ke kai ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji, wannan lissafin bai ci ba.

Fata ce kawai ta haɗe. A ciki, likita kan yanke wani yanki na hanta, wani lokaci har da ɓangaren hanji, sannan ya haɗa sabuwar hanyar da ruwan maɗaciya zai bi. Kwanciya a asibiti kan kai mako 1 zuwa 2, amma dawowar ƙarfi sai wata 2 zuwa 3, ga dattijo ma ya kan wuce haka. Kasala da rashin cin tuwo ba ragwanci ba ne, mara lafiyan na gina jikinsa ne. Wasu kuma ana ɗora su a kan maganin daji na kusan wata 6.

Fartanya, jan guga da ɗaukar buhu su dakata aƙalla mako 6, ko da damina ce. Ɗan tattaki a tsakar gida kuwa ana so. In zazzaɓi ya taso ko ido ya sake yin rawaya, kada a tsaya jiƙa maganin shawara, a koma asibitin da aka yi aikin.