Haƙorin Hankali da Aikin Cire Shi

Haƙorin hankali shi ne turmi na uku, wato haƙorin da ke can ƙarshen kowane jeri, kuma shi ne na ƙarshen fitowa a bakin ɗan Adam. Baligi mai cikakkun haƙora yana da 32, huɗu daga cikinsu na hankali ne, biyu a muƙamuƙin sama, biyu a na ƙasa. Haƙoran nono na yaro, waɗanda 20 ne, babu irinsa a cikinsu, saboda haka sau ɗaya yake fitowa, idan an cire shi kuma wani ba ya maye gurbinsa. Yakan huda dasashi tsakanin shekara 17 zuwa 25, ko da yake a tsakanin 'yan Afirka ana yawan ganinsa kafin wannan lokaci. Akwai mutanen da ɗaya ko biyu kawai suke da shi, akwai kuma waɗanda ba a halicce su da ko ɗaya ba, kuma wannan ba cuta ba ce.

Girmansa yana farawa a cikin ƙashi tun yaro yana tsakanin shekara 7 da 10, inda kan haƙorin ne ke fara haɗuwa, saiwar kuma ba ta kammala ba sai an kai shekara 18 zuwa 25. Wannan jinkiri shi ne tushen matsalarsa, domin lokacin da ya tashi fitowa sauran haƙora 28 sun riga sun kama wurarensu, abin da ya rage masa kawai shi ne ɗan filin da ke tsakanin turmi na biyu da ƙashin da ya miƙe zuwa kunne. Masana halittar ɗan Adam suna danganta ƙarancin wannan fili da sauyin abinci: mutanen da suka tashi da tauna abu mai tauri muƙamuƙinsu ya fi buɗewa, haƙoransu kuma suna cinyewa su matsa gaba, alhali mai cin abinci mai laushi tun yarinta muƙamuƙinsa yakan tsaya a taƙaice.

Maƙalewa da abin da take jawowa

Idan haƙorin ya sami wuri ya fito a miƙe, ya haɗu da abokin taunarsa, kuma buroshi ko asuwaki yana kai masa, to turmi ne kamar sauran, babu dalilin taɓa shi. Wanda ya kasa fitowa sosai, saboda ƙashi ko dasashi ko maƙwabcinsa ya tare shi, shi ake ce wa maƙalallen haƙori, kuma an fi samun haka a muƙamuƙin ƙasa. Wani likitan haƙori a Amurka, George Winter, ya rarraba maƙalewar a 1926 bisa yadda haƙorin ya kwanta: wanda ya karkata gaba ya jingina da turmi na biyu, wanda shi aka fi gani, wanda ke tsaye amma ya tsaya a ƙasa, wanda ya kwanta gaba ɗaya a gicciye, da wanda ya karkata baya, wanda a muƙamuƙin ƙasa yakan ba likita wahala fiye da yadda hotonsa ke nunawa. A 1933 wasu likitocin haƙori biyu, Pell da Gregory, suka ƙara wani rabon da ke duba zurfin haƙorin da yawan filin da ke bayansa. Har yau likitoci suna amfani da waɗannan wajen auna wuyar aiki kafin a fara.

Abin mamaki shi ne haƙorin da ya nutse gaba ɗaya cikin ƙashi sau da yawa ya fi zama lafiya fiye da wanda ya leƙo rabi. Mai leƙowa rabi yana da wata 'yar fatar dasashi da ke rufe bayansa, ƙarƙashinta kuma akwai aljihu wanda guntun tuwo, zaren nama da ɓarɓashin goro suke shiga su zauna, inda buroshi ba ya kaiwa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a wurin, fatar ta kumbura ta yi ja, haƙorin sama ya riƙa cizonta duk lokacin da aka rufe baki, wanda ke ƙara kumburin. Mai ciwon yakan ji zafi yana tafiya zuwa kunne, baki ya yi wari da ɗanɗano marar daɗi, wani lokaci mugunya ta fito idan an danna, kaluluwa ta taso a ƙarƙashin muƙamuƙi, buɗe baki kuma ya yi wuya. Lafiyayyen baki yana karɓar yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba. Wanda ciwon ya kama sosai da ƙyar ɗaya ke shiga, har lomar tuwo ta gagare shi sai kunu.

Ciwon yakan lafa da kansa ko da magani, sannan ya dawo bayan makonni ko watanni, kuma wannan lafawar ce ke yaudarar mutane su jinkirta zuwa asibiti. A cikin wannan jinkirin akwai ɓarnar da ba ta da hayaniya: haƙorin da ya jingina da turmi na biyu yana tara datti a tsakaninsu, sai bayan turmi na biyun ya ruɓe a wurin da mai shi ba zai taɓa gani a madubi ba, a ƙarshe a yi asarar haƙora biyu maimakon ɗaya, alhali na biyun shi ne mai amfani a tauna. A wasu mutane kaɗan, jakar da haƙorin ya girma a cikinta takan cika da ruwa ta zama ƙari mai cin ƙashi a hankali ba tare da zafi ba. Mafi haɗari shi ne cutar ta bazu zuwa ƙarƙashin harshe da wuya, abin da likitan Jamus Wilhelm Friedrich von Ludwig ya bayyana a 1836, kuma ake kiransa da sunansa. Kumburi mai tauri a ƙarƙashin haɓa, harshe ya ɗagu, haɗiyar miyau ta gagara, murya ta sauya, ga zazzaɓi, duk alamu ne na cewa hanyar numfashi tana gab da toshewa, kuma irin wannan ba ya jiran wayewar gari.

Ana yawan cewa haƙorin hankali shi ke tura haƙoran gaba na ƙasa su cunkushe, amma binciken likitoci bai tabbatar da haka ba, cunkoson yana faruwa har ga waɗanda ba su da haƙorin.

Wanda ake cirewa da wanda ake bari

A nan likitocin duniya sun rabu. A Amurka an saba cire haƙoran hankali tun mutum yana matashi, ko ba su fara ciwo ba, bisa hujjar cewa saiwa ba ta kammala ba, ƙashi yana da laushi, warkewa kuma ta fi sauri. A Birtaniya kuwa, hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, ta fitar da ƙa'ida a 2000 cewa kada a cire maƙalallen haƙorin da ba shi da cuta don riga-kafi kawai, sai idan akwai dalili kamar ruɓewar da ba ta gyaruwa, ƙari, mugunya, ko kumburin dasashi da ya maimaitu ko ya yi tsanani. A wuri irin Sakkwato, inda marar lafiya da danginsa ne galibi ke biyan kuɗin aiki daga aljihunsu, kuma likitocin haƙori ba su da yawa, hanya ta biyu ce ta fi dacewa da hali. Sai dai tana da sharaɗi, wato a riƙa duba haƙorin da aka bari lokaci zuwa lokaci, kuma wannan sharaɗin ne ya fi wuyar cikawa ga mutumin da ke Isa ko Sabon Birni, wanda zuwansa birni tafiya ce mai cin kuɗi da yini.

Abin da aka fi yi kafin a kai ga likita sananne ne. Wani ya cusa kanumfari a wurin, wanda yana da mai da ke rage zafi na ɗan lokaci, har likitocin haƙori ma suna amfani da sinadarinsa, amma ba ya kawar da aljihun da ke tara datti. Wani ya je kemis ya sayi ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyu, ya daina da zarar ya ji sauƙi. Wani ya ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, wadda ke ƙona naman ya yi fari, ko ya ɗiga ruwan batir, wanda ɓarnarsa ta fi ciwon da ake magani. Masu cire haƙori a kasuwa kuma, ko da sun iya da haƙorin da ke girgiɗi, maƙalallen turmi ya fi ƙarfin kayan aikinsu, yakan karye saiwa ta rage a ciki, ga haɗarin ɗaukar ciwon hanta ko cutar ƙanjamau daga ƙarfen da ba a dafa ba. A birnin Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi da fuska, kuma irin wannan sashe ne wurin da ake tura aikin da ya yi wuya.

Yadda aikin yake

Kafin komai ana ɗaukar hoto, ko dai ƙarami na haƙorin kaɗai, ko babba mai nuna muƙamuƙi biyu daga kunne zuwa kunne. Abin da likita ya fi nema a hoton shi ne kusancin saiwa da wata jijiyar ji da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, wadda ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Ana kuma tambayar marar lafiya ko yana da ciwon suga, hawan jini, sikila, ko yana shan maganin tsinka jini, mace kuma ko tana da juna biyu, domin aikin da ba na gaggawa ba an fi son a yi shi a watanni uku na tsakiya ko a bari sai ta haihu. Idan wurin yana cikin kumburi mai tsanani, yawanci ana fara wanke ƙarƙashin fatar a ba da magani, a yi aikin bayan ya lafa.

Galibin aikin ana yin sa mutum yana farke a kan kujera, da allurar kashe wuri, mafi yawa lidoken, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943. Bayan 'yan mintuna rabin leɓe da gefen harshe suna yin nauyi, daga nan marar lafiya zai ji dannawa da ƙarar na'ura, amma ba zafin yanka ba. Haƙorin sama sau da yawa yana fita da ɗan banƙarewa cikin ƙanƙanin lokaci. Na ƙasa da ya maƙale kuwa, likita yana yanka dasashi ya ɗage shi, ya share ɗan ƙashin da ya rufe haƙorin da na'ura mai juyawa ana zuba ruwan gishiri don kada ƙashin ya ƙone, sannan ya raba haƙorin gida biyu ko uku, ya fitar da kai, ya bi saiwoyi ɗaya bayan ɗaya. Hikimar rabawar ita ce a rage haƙorin maimakon a rage ƙashi, kamar yadda ake kwance gado a fitar da shi ta ƙofa maimakon a fasa bango. Daga nan a wanke ramin, a mai da dasashi, a ɗinke. Idan hoto ya nuna saiwa ta rungumi jijiya, akwai hanyar da ake yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a ƙasa, muddin ba ta da cuta. Ana sa mutum barci gaba ɗaya ne idan haƙoran sun yi zurfi ƙwarai ko za a cire duka a zama ɗaya, kuma wannan yana bukatar a daina cin abinci awa 6 kafin aiki.

Bayan aiki

Warkewa ta rataya ne a kan gudan jinin da ke cika ramin, domin shi ne ke rufe ƙashi kuma a cikinsa sabon nama ke tsirowa. Saboda haka ake cizon audugar da likita ya sa na kimanin minti 30, a guji kurkure baki da ƙarfi da yawan tofar da miyau na awa 24 na farko, wanda ke nufin a yi kurkurar alwala a hankali ƙwarai. Bayan wannan ana kurkurewa da ruwan ɗumi mai gishiri sau da yawa a rana, musamman bayan cin abinci. Koko ko kunun da ya huce, fura mai ruwa-ruwa, da tuwo mai laushi a tauna ta ɗaya gefen sun wadatar a kwanakin farko. Kilishi, ƙuli-ƙuli, aya, rake da goro su jira. Kumburin kunci yana kai matuƙa a rana ta 2 ko ta 3 sannan ya fara sauka, farasitamol da ibuprofen kuma galibi sun isa ga zafin, ga wanda ba shi da gyambon ciki. Zaren da ba ya narkewa ana cire shi bayan kamar mako ɗaya. Tunda magungunan suna da lokutan sha, wanda aikinsa ba na gaggawa ba ne gara ya tsara shi da likita a wajen watan azumi.

Matsalar da aka fi gani ita ce bushewar rami, lokacin da gudan jinin ya fita ko ya narke ƙashi ya zauna a fili. Alamarta zafi mai tsanani da ke tasowa bayan kwana 2 zuwa 4, daidai lokacin da ake sa ran sauƙi, tare da warin baki. Ta fi kama masu shan taba da mata masu shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma maganinta a koma asibiti a wanke ramin a sa magani a ciki. Idan an taɓa jijiya, leɓe, haɓa ko gefen harshe yakan ci gaba da nauyi bayan allura ta sake. Yawanci jin yana dawowa cikin makonni ko watanni, wanda ke dawwama kuma bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A muƙamuƙin sama saiwa tana kusa da kogon iska da ke cikin ƙashin kunci, wani lokaci ƙofa takan buɗe tsakaninsu, sai a hana mutum fyace hanci da ƙarfi har ta rufe, ko a ɗinke ta idan babba ce. Jinin da ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga mai tsabta, zazzaɓi, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan rana ta 3, dalilai ne na komawa wurin likita a ranar. Dasashi yana rufe ramin cikin makonni kaɗan, ƙashin da ke ƙasa kuwa yana ɗaukar watanni kafin ya cike.