Idan an hana ka hayar gida a Amurka saboda addini ko launin fata

Da wuya mai gida a Amurka ya fito fili ya ce maka ba ya ba baƙar fata ko Musulmi haya. Abin da ya fi faruwa shi ne ka kira a waya a ce gida na nan, ka je da maiɗakinka sanye da hijabi, yara na biye, dillali ya kalle ku ya ce ai yanzun nan wani ya biya. Bayan mako guda ka ga tallar gidan tana nan a intanet. 'Yan uwanmu da ke zaune a Bronx ta birnin New York da sauran garuruwa sukan haɗiye wannan, su ce ba rabonsu ba ne. Ni dai abin yana ci mini rai, domin doka ta haramta wannan ƙarya ƙarara.

Dokar ita ce wadda Amurkawa ke kira Fair Housing Act. Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu ranar 11 ga Afrilu 1968, mako guda bayan an kashe Martin Luther King. Da farko ta hana nuna bambanci saboda tsatso, launin fata, addini da ƙasar asali. A 1974 aka ƙara kasancewar mutum mace ko namiji, a 1988 kuma aka ƙara naƙasa da iyali masu yara 'yan ƙasa da shekara 18, har da mace mai juna biyu. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai. Mai gida na iya ƙayyade yawan mutanen da gida zai ɗauka, kuma hukuma takan ɗauki mutum biyu a kowane ɗakin kwana a matsayin daidai, amma ba shi da ikon cewa ba ya son yara.

Laifin bai tsaya kan ƙin ba da haya ba. Idan aka ninka maka kuɗin ajiya alhali ba a yi wa wasu haka ba, ko dillali ya riƙa tura ka wata unguwa wai can ne mutanenku suke, duk karya doka ne. Abin da aka yarje wa mai gida shi ne ya duba albashinka da tarihin biyan bashinka, muddin ma'auni ɗaya yake yi wa kowa.

Akwai inda dokar ta sassauta, misali ginin da bai wuce gida huɗu ba kuma mai shi na zaune a ɗaya. Ko a nan ma wata tsohuwar doka ta 1866 ta hana wariyar launin fata ba tare da togaciya ba, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 1968.

To, ina za ka kai kuka? Ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, tana karɓar ƙorafi kyauta, ba sai da lauya ba, amma cikin shekara 1 daga ranar da abin ya faru. Mai son shigar da ƙara kotun tarayya yana da shekara 2. Wasu jihohi da birane sun fi tarayya faɗaɗa kariya: a birnin New York haramun ne a ƙi ka saboda da tallafin gwamnati kake biyan haya, ko saboda matsayinka na shige da fice, kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin ce ke sauraron irin wannan. Idan mai gida ya yi maka barazana ko ya nemi korarka don ka kai ƙara, wannan ma laifi ne mai zaman kansa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen hujja. Ranar da abin ya faru ka rubuta lokaci, adireshin gidan, sunan wanda ya yi magana da kai da ainihin kalmominsa. Kada ka goge saƙonnin waya, ka kuma ɗauki hoton tallar duk ranar da ka sake ganinta. Sannan ka nemi ƙungiyar kare haƙƙin masu neman gida da ke garinku da wuri, tun gidan bai fita kasuwa ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan aika mutum biyu masu albashi kusan ɗaya su nemi gidan, ɗaya fari ɗaya baƙi, ko ɗaya babu hijabi ɗaya da hijabi. Idan aka buɗe wa na farko ƙofa aka ce wa na biyu an kama, magana ta fito. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke cewa shi kansa ɗan aiken da aka yi wa ƙarya yana da ikon shigar da ƙara, ko da bai taɓa niyyar zama a gidan ba.