Hototogisu: Tsuntsun Dutse a Waƙoƙin Japan

Hototogisu ƙaramin tsuntsu ne da ke sauka a dazuzzukan tsaunukan Japan wajen tsakiyar watan Mayu, ya hayayyafa, ya koma ƙasashe masu ɗumi kafin sanyi ya shigo. Masana halittu suna kiransa Cuculus poliocephalus. Fiye da shekara 1,200 ke nan mawaƙan Japan suna ambatonsa, sau da yawa da laƙabin yama-hototogisu, wato hototogisun dutse. Abin da ya bambanta waƙoƙinsa shi ne kusan dukkansu a kan muryarsa aka ɗora su. Da wuya ka tarar da baitin da ya tsaya siffanta gashinsa ko tashinsa. Mawaƙin yana zaune ne cikin dare yana kasa kunne, tsuntsun kuwa yana can cikin duhun itatuwa ba a ganinsa.

Siffarsa da halinsa

Tsawonsa kimanin santimita 28 ne, bai kai kurciya kauri ba. Bayansa ruwan toka, cikinsa fari da ratsin baƙi. Dangi ɗaya ne da ragon maza da aka sani a ƙasar Hausa, sai dai shi ba ya yin sheƙa. Macen takan faki idon wani ɗan tsuntsu mai suna uguisu, ta ajiye ƙwai ɗaya a sheƙarsa, launin ƙwan kuma ja-ja ne mai duhu kamar na mai sheƙar. Idan ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya ture sauran ƙwayaye, iyayen riƙo su yi ta ciyar da shi. Kukansa mai kaifi ne, a jere da sauri kamar na wanda ke cikin gaggawa, yana yinsa da rana da dare, har yana cikin tashi. Cikin bakinsa ja ne, kuma wannan jan ya yi tasiri sosai a adabi.

A tsoffin diwanai

Tsohuwar waƙar Japan sunanta waka. Kamar da sunan ya yi da kalmar Hausa dace ne kawai, babu wata dangantaka. Mafi yaɗuwar nau'inta ɗango biyar ne masu gaɓoɓi 5, 7, 5, 7, 7, jimilla 31, kuma ba ta da amsa-amo. A fili ɗan ƙarami irin wannan, dole kowace kalma ta ɗauki kaya mai nauyi.

Diwani mafi tsufa, Man'yoshu, wanda aka kammala bayan shekarar 759, ya ƙunshi waƙoƙi wajen 4,500. A cikinsu kimanin 150 sun ambaci hototogisu, babu tsuntsun da ya kai shi. Fiye da 60 na mutum ɗaya ne, Otomo no Yakamochi. An tura shi gwamna a lardin Etchu, yankin Toyama na yau, daga 746 zuwa 751, nesa da fada da danginsa, kuma a can ne ya fi shaƙuwa da tsuntsun. Har waƙoƙin ƙorafi ya yi saboda lokacin zafi ya shiga da kwanaki amma bai ji kukan ba. Wani mawaƙin diwanin, Takahashi no Mushimaro, ya lura da abin da masana tsuntsaye suka tabbatar daga baya: ya waƙe hototogisu a matsayin wanda aka haifa shi kaɗai cikin ƙwayayen uguisu, kukansa bai yi kama da na uba ba, bai yi kama da na uwa ba.

A diwanin Kokinshu, wanda Sarki Daigo ya ba da umarnin tarawa a 905, abin ya kai maƙura. Babin lokacin zafi yana da waƙoƙi 34 kacal, 28 daga ciki na hototogisu ne. Daga nan aka sami tsarin da aka bi ɗaruruwan shekaru. A wata na huɗu na tsohuwar kalandar wata, tsuntsun yana kan dutse yana kuka a ɓoye da ƙaramar murya. A wata na biyar, lokacin ruwan sama mai yini yana zuba, sai ya gangaro kusa da gidaje inda furen lemon tachibana ke ƙamshi. Kukan farko na shekara, hatsune, shi ne abin nema, mutanen fada kan kwana ba barci don su riga wasu jinsa. Ki no Tsurayuki, jagoran masu tara diwanin, ya nuna gajartar daren zafi da cewa da kishingiɗawarsa, kuka ɗaya, sai ga alfijir.

Malaman waƙa na baya sun mayar da wannan doka: ko da tsuntsun ya cika maka kunne, a waƙa sai ka nuna shi a matsayin abin da aka daɗe ana jira, aka ji sau ɗaya. Mai karatu na iya ganin takura a nan, kuma akwai ta, don an yi waƙoƙi da yawa da ba su wuce maimaita na gaba ba. Amma dokar ce ta haifar da mafi kyawunsu. Fujiwara no Sanesada, a ƙarni na 12, ya ce ya waiwaya inda kukan ya fito, bai tarar da komai ba sai watan asuba a sararin sama. Waƙar ita ce ta 81 a tarin waƙoƙi ɗari na mawaƙa ɗari da yaran Japan ke haddacewa har yau. Duk daɗinta yana cikin wannan ɗan tsakani, daga faɗuwar murya a kunne zuwa juyawar wuya.

Sei Shonagon, marubuciya mai yi wa Sarauniya Teishi hidima a fada a wajejen shekara ta 1000, ta ba da labarin yadda ita da ƙawayenta suka hau keken shanu zuwa bayan Kamo, a arewacin Kyoto, babban birnin Japan a lokacin, musamman don sauraron tsuntsun. Sun ji shi har ya ishe su, sun yi wa keken ado da fararen furanni, suka dawo babu baiti ko ɗaya. Sarauniya Teishi ta yi musu faɗa a kan haka.

Jini, gida da lahira

Wani kaso na nauyin tsuntsun daga ƙasar Sin aka aro shi. Tatsuniya ta ce Du Yu, sarkin tsohuwar ƙasar Shu, yankin Sichuan na yanzu, ya rabu da sarautarsa, da ya mutu ruhinsa ya zama wannan tsuntsu, yana kuka har jini ya zubo masa ta baki. Sinawa suna jin kukan kamar yana cewa gara a koma gida, shi ya sa ya zama tsuntsun matafiya da waɗanda aka kora. Japanawa suna rubuta sunansa da haruffan Sin ta hanyoyi daban-daban, kowace da labarinta: akwai mai ma'anar tsuntsun lokaci, akwai mai ma'anar ruhin Shu.

A Japan an ƙara masa wani suna, shide no taosa. Ana cewa daga dutsen da matattu ke hayewa yake zuwa, saboda haka masu makoki kan tambaye shi labarin wanda suka rasa. Manoma kuwa sun ɗauke shi mai shelar dashen shinkafa, kamar yadda Bahaushe ke ganin shamuwa ya san damina ta ƙarato. Wanda ya san waɗannan zai gane dalilin da ambaton sunan kaɗai ke jawo kewa, ba tare da mawaƙin ya ce yana baƙin ciki ba.

A haiku

Haiku gajeriyar waƙa ce mai gaɓoɓi 17, kuma sai da kalmar da ke nuna yanayin shekara. Hototogisu na cikin manyan kalmomin lokacin zafi. Matsuo Basho, a 1690, ya ce ko yana cikin Kyoto, in ya ji kukan sai kewar Kyoto ta kama shi. Birnin da yake kewa shi ne na tsoffin mawaƙa, wanda muryar ta taso masa da shi. Akwai kuma baitoci uku da aka jingina wa shugabannin da suka haɗe kan Japan, a kan tsuntsun da ya ƙi kuka: Nobunaga ya ce a kashe shi, Hideyoshi ya ce a yi dabara ya yi, Ieyasu ya ce a jira. Mutanen baya ne suka ƙaga su don siffanta halin kowanne.

A 1889 wani ɗalibi ɗan shekara 21 ya yi tarin jini, alamar tarin fuka. Sai ya laƙaba wa kansa Shiki, ɗaya daga cikin sunayen tsuntsun. Masaoka Shiki ya rasu a 1902 yana da shekara 34, bayan ya sabunta haiku, ya dage a kan mawaƙi ya faɗi abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji. Mujallar Hototogisu, da aka kafa a garinsu Matsuyama a 1897, tana fitowa har yanzu.

Daga wannan makaranta ne Sugita Hisajo ta fito. Ta hau tsaunin Hiko a tsibirin Kyushu, mai tsawon kusan mita 1,200, ta ji tsuntsun yana ta kuka duwatsu na amsa masa. Baitinta, wanda ya ci babbar gasa a 1931, ya ce hototogisun dutse yana kuka da amsa-kuwwa yadda ya ga dama. Bayan shekara dubu ana taƙaita shi a kuka ɗaya, ta sake shi ya cika kwarin da murya. A 1936 shugaban mujallar, Takahama Kyoshi, ya cire sunanta daga cikin 'yan ƙungiyar mujallar ba tare da ya bayyana dalili ba. Ta rasu a 1946, kuma sai bayan rasuwarta aka buga diwaninta.